Gayyar Da Mai Gona Bai Kira Ba

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma ranar da muka yi wa mai kulob ɗinmu bore da fartanya, wannan kam ko tsufa ya cinye ni ba na jin za ta fita daga raina. Har gobe in na bi hanyar Kahu na hangi gonar nan, sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Lokacin ina ɗinki a Kibiya, ban daɗe da aure ba. Shekarun ne da aka dawo mulkin farar hula, aka kuma ƙaddamar da Shari'a. Wasanni da yawa da muka taso da su sun ja baya, sai ƙwallo ta zama ita ce abin da ke tara mu da yamma, yaro da babba, malami da jahili. Kulob ɗinmu na wani Alhaji ne da ƙanensa, 'yan kasuwar hatsi. Filin da ake bugawa ma gadonsu ne. Gaskiya ɗaya ce, Alhajin ya yi wa kulob ɗin nan hidima: shi ke sayen riguna da takalma, shi ke ɗaukar mana mota in za mu wasa waje, kuma duk ranar da muka ci wasa sai an dafa shinkafa a ƙofar gidansa. Mu kuma magoya baya namu shi ne maƙogwaro da rana. Tutar kulob ɗin, shuɗi da fari, ni na ɗinka ta da hannuna, kuma ban taɓa yarda wani ya riƙe ta ba.

Sai siyasa ta shigo. Alhaji ya fito takarar ciyaman, ya sha ƙaye, kuma abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ko a akwatin unguwarmu bai kai labari ba. Ni dai ban san wanda kowa ya zaɓa ba, kuma ban ga abin da ya haɗa ƙuri'a da ƙwallo ba. Shi kuwa ya gani. A ƙofar gidansa, gaban mutane, ya ce, "Dama ba kulob suke so ba, shinkafata suke so. Ciki ne ke kai su fili." Kafin magariba maganar ta zaga gari. Ba a rufa mako ba aka tumɓuke turakun gola, aka sallami 'yan wasa, ruwan fari na sauka aka shiga filin da garmar shanu aka shuka gero.

Ranar da na ga shanu a tsakiyar filin nan, wallahi kamar an yi mini mutuwa. Amma ko filin bai ƙona mana rai kamar kalmar nan ta ciki ba.

Da abin ya kusa wata guda yana cin mu, wata rana muka taru a ƙofar shagona bayan la'asar. Samari sai tafasa suke, wannan ya ce a ƙona taya, wancan ya ce a tare hanya ranar kasuwa. To amma hakimi ya riga ya aiko da gargaɗi, ƙasa ba ta zaune lafiya a lokacin, duk wanda ya tara jama'a da sunan zanga-zanga zai kwana a hannun 'yan sanda. Shugabanmu na magoya baya wani mahauci ne, ƙato, mai murya kamar ana kiran shanu daga ƙetaren rafi. Babu alƙalin wasan da bai taɓa jin bakinsa ba a ƙasar Rano. Kowa ya zaci shi zai fara cewa a kawo fetur, sai ga shi ranar yana gefe yana ta sakace haƙori. Da hayaniya ta lafa ya ɗago kai ya ce, "Wai ni kam, akwai dokar da ta hana mutum noma?"

Muka dube shi. Ya ce, "Babbar gonar Alhaji ta hanyar Kahu ciyawa ta rufe ta, bai samu 'yan ƙwadago ba. Jibi za mu yi masa gayya."

Wani yaro ya ce, "Shugaba, lafiyarka ƙalau kuwa? Mutum ya zage mu, mu kuma mu je mu nome masa gona?"

"Za mu nome ta tas," in ji shi. "Amma ba mai ci, ba mai sha. Ko ruwan randarsa ban yarda wani ya kurɓa ba."

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya gane inda maganar ta nufa. A gayya mai gona ne ke kira, jama'a su zo su yi masa aiki ba lada, shi kuma ya ciyar da su. Abincin nan shi ne mutuncinsa. A nome wa mutum gona a tashi ba a taɓa ƙwaryarsa ba, ban taɓa jin an yi wa wani haka ba, ko a bakin tsofaffi. Wani malamin Islamiyya da ba ya fashin kallon wasanmu ya ƙara da cewa in Alhaji ya yi sallama dole a amsa, don wannan hakkin Musulunci ne, amma abin da ya wuce sallama ba dole.

Ranar da aka sa, ana idar da sallar asuba na saɓi fartanya da tuta na kama hanya. A raina na ce in mun yi yawa mu cika mota ɗaya. Na ɗaura tutar a jikin wata ɗorawa da ke bakin gonar, muka fara mu 'yan kaɗan. Gari bai gama wayewa ba sai na ji ƙugin babura. Mutanen Kahu ne, ga na Rurum a bayansu, bibbiyu da uku-uku a kan kowane babur, ƙotocin fartanya sun yi cirko-cirko a sama. Ga Fulanin da ke tsayawa da sandunansu a bayan gola suna kallon wasa, su ma sun bar wa yara shanu sun zo. Ga dattawan da ban taɓa sanin sun damu da ƙwallo ba. Can kuma sai ga wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya, maƙil da mutane. Da na ga fuskokinsu sai na riƙe baki: magoya bayan kulob ɗin Rano ne, abokan gabarmu, waɗanda ko a biki muka haɗu sai an yi musu.

Shugaba ya ce, "Ku kuma me ya kawo ku?"

Babbansu ya diro yana gyara hula ya ce, "In kulob ɗinku ya mutu, wa za mu riƙa ci? Ku matsa mana mu kama kunya."

Mai gangarmu, wanda dama makaɗin noma ne kafin ya koma kiɗan fili, ya rataya ganga. Aka ja layi daga wannan iyaka har waccan, na duba dama na duba hagu ban ga ƙarshen mutane ba. Da ya saki kiɗa, fartanyu suka sauka a tare, sai na ji ƙasa ta amsa a tafin ƙafata. Na sha shiga taro a rayuwata, na ga filin wasa ya cika har kan bishiyoyi, amma ban taɓa ganin fushi ya yi kyau irin na safiyar nan ba. Babu zagi, babu waƙar habaici. Sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da numfashin mutane, ciyawa na kwantawa, dawa na fitowa layi-layi a bayanmu.

Ashe ƙanen Alhaji ya biyo ta hanyar, ya hango tutarmu da taron jama'a a cikin gona, bai tsaya tambaya ba ya juya da gudu ya ce wa yayansa 'yan ƙwallo na can suna tumɓuke masa dawa. Da hantsi sai ga motar Alhaji, motar 'yan sanda na biye. Babban ɗan sandan ya sauko da kulki a hannu, ya shiga gonar, ya bi kunya ɗaya har tsakiya yana duba gindin dawa, ya dawo. Ya cire hularsa ya sosa kai ya ce, "Alhaji, ni dai ban san sunan wannan laifin ba."

Alhaji ya tsaya a bakin gona, babbar rigarsa na jan raɓa. Can ya ce, "Salamu alaikum." Gonar nan gaba ɗaya ta amsa da murya ɗaya, har tsuntsaye suka tashi daga kan ɗorawa. Ya ce, "Sannunku da aiki." Ba wanda ya ɗago. Ya sake faɗa. Fartanyu kawai ke amsa masa.

Ɗan gari ne, ya san abin da ya hau kansa. Nan take ya tura ƙanensa gida a ɗora tukwane, ya tare matan Fulanin da ke wucewa za su kasuwa ya saye furarsu da nononsu kaf. Kafin azahar mun kai ƙarshen gonar, ko tsinken ciyawa babu. Muka yi alwala a rafi, muka yi salla, muka dawo inuwar ɗorawa muka zazzauna. Ga ƙoren fura a jere an dama, farare tas, ludaya a kai. Ga shinkafa na tururi.

Ruwan da muka zo da shi a jarkoki ya ƙare tun da hantsi, na rafin kuwa ja ne, ba ya shayuwa. Harshena ya manne a ganɗa. Akwai wata ƙwarya dab da ƙafata, ina ganin yadda nonon ya yi kauri a gefenta, kuma ba zan ɓoye ba, idona ya ƙi barinta. Sai na waiga na ga wani tsoho kusa da ni, ya haura saba'in, leɓunansa sun tsattsage. Ya dubi furar sau ɗaya, ya kau da kai ya kama jan carbi. Jama'a mai yawa haka, ga ƙishi ga yunwa, ba mai tsaron kowa, amma babu hannu ɗaya da ya miƙa. A nan ne tsoro ya kama ni, irin tsoron da ke kama mutum in ya ga abin da ya fi shi girma.

Alhaji ya ce, "Bismillah mana, jama'a." Ba wanda ya ɗauki ludayi. Sai ya tattare rigarsa ya durƙusa, ya cika ludayi da hannunsa, ya taka har gaban Shugaba. Ya buɗe baki zai yi magana, Shugaba ya riga shi.

"Alhaji, kada ka haɗa ni da Allah. In ka ce don Allah zan sha, amma ka sani ba da raina na sha ba." Muryar nan tasa mai tsorata alƙalan wasa ta yi ƙasa ƙwarai, amma kowa na ji. "Ka ce ciki ne ke kai mu fili. To ga gonarka, ga furarka. Mu kuma ga cikinmu, yadda muka zo da shi haka za mu koma da shi."

Alhaji ya tsaya da ludayin a hannu, fura na ɗiga a kan takalminsa. Mutum ne mai ji da kansa, ban taɓa ganin ya sunkuyar da kai gaban kowa ba. Ya juya ya dubi gonar tun daga farko har ƙarshe, ya dube mu. Idanunsa suka kawo ruwa, bai kuma ɓoye ba. Ya ce, "Na faɗa, kuma ban kyauta ba. Ku yafe mini." Sannan ya juya wajen ƙanensa ya ce, "Turakun nan suna ina?" Ƙanen ya ce suna sito. Alhaji ya ce, "A kai su fili yanzu. Furar nan ma a kai ta can."

Haka muka ɗunguma zuwa gari, ƙoren fura a kan mutane, tuta a gaba, ganga na tashi. Na zaci labari ya ƙare ke nan. Amma da muka isa filin sai kowa ya ja ya tsaya a bakinsa. Geron da aka shuka ya fito, ya kai ƙauri, kore shar, iska na kaɗa shi daga wannan gola har waccan. Alhaji ya ce, "Ku shiga ku tuge shi, ni na ce." Ba wanda ya motsa. Mu da muka yi wata guda muna kukan filin nan, ga shi an ba mu, ga fartanyu a kafaɗa, amma duk cikinmu manoma ne da 'ya'yan manoma.

Shugaba ya girgiza kai ya ce, "Abinci ne, Alhaji. Ba mu ƙi furarka don mu zo mu tattake gero ba. Ƙwallo ta jira kaka."

Babban mutanen Rano ya ce, "Ku zo ku ari namu filin kafin nan. Dama ya fi mana sauƙi mu riƙa cin ku a gida." Aka kwashe da dariya, ita ce dariyar farko tun asuba. Muka kafa turakun a muhallinsu, gero a tsakani, sannan muka zauna a gefe. Tsohon nan aka fara miƙa wa ludayi. Ni dai tun da nake ban taɓa shan fura mai daɗin ta ranar ba.

Mu muka yi wa geron nan maimai, mu muka girbe shi. Alhaji ya ce ko zangarniya ɗaya ba za ta shiga rumbunsa ba, da shi aka yi furar da aka sha ranar da aka sake buɗe filin. Rano muka gayyata, kuma suka ci mu, abin da har yau ba su bar mu mun huta da shi ba.

Alhajin ya rasu, Shugaba ma ya rasu, Allah ya jiƙansu. Filin yana nan, 'ya'yanmu ke bugawa. Abin da na koya a gindin ɗorawar nan shi ne, in mutum ya raina ka, ba ihu ko ɓarna ke dawo maka da mutuncinka ba. Da mun ƙona taya ranar, da mun tabbatar masa da abin da yake zato, da kuma filin ya tafi har abada. Abin da ya karya masa zuciya shi ne ganin mutane masu ƙishi sun zauna gaban furarsa sun kau da kai. Tun daga ranar, duk lokacin da raina ya ɓaci har hannuna ya fara neman dutse, sai in tuna da tsohon nan da leɓunansa, in mayar da hannuna aljihu.