Ƙeyar Akawu

Baba ya yi shekara arba'in da ɗaya yana aski a shago ɗaya, kuma in ka tambaye ni, ta ƙeya ya san mutanen unguwarmu. Muna tafiya a titi sai ya nuna wani da ke gabanmu ya ce wancan ɗan mai gyaran rediyo ne, kunnensa na hagu ya fi na dama fitowa. Amma mutum ya tare shi gaba da gaba ya gaishe shi, sai ya tsaya yana kame-kame, yana ta maimaita yaya iyali har mutumin ya gaji ya wuce.

Shagon ɗaki ɗaya ne, tsakanin kantin magani da wurin mai faci. Kujera ɗaya ce mai juyawa, fatarta ta tsage an liƙe da baƙin salatif. Akwai benci na masu jira, da fanka mai kuka, da babban madubi wanda gefensa ya fara baƙi. Har yau in na ji ƙamshin hoda ya gauraya da na sabulun aski sai na tsaya cak, ko a ina nake. A gida Baba ba mai magana ba ne. Mama, Allah ya jiƙanta, takan ce in tana so ta ji abin da ke cikinsa sai dai ta tsirar da gemu ta je ta hau masa kujera. Gaskiya ta faɗa, don da zarar ya yafa wa mutum ƙyalle ya tsaya a bayansa, bakinsa ya buɗe ke nan.

Cikin duk masu hawa kujerar nan babu kamar Akawu, wani ma'aikacin gidan waya. Shekara talatin da ɗaya yana zuwa, Asabar ɗaya bayan ɗaya, ƙarfe huɗu daidai. In ya zo, masu jira sukan tashi su tafi harkokinsu, don sun san sai an kai awa guda. A wannan kujerar suka aurar da 'ya'yansu da baki kafin a aurar da su, suka yi wa ƙungiyoyin ƙwallo tsiya, suka yi jinyar matansu. Duk wannan ta madubi, Akawu na zaune, Baba na tsaye a bayansa. Ban taɓa ganin Akawu ya zauna a falonmu ba sai ranar rasuwar Mama, shi ma cikin taro.

Da matar Akawu ta rasu, 'yarsa, likitar haƙori da ke aiki a ƙasar waje, ta zo ta tafi da shi. Bayan shekara uku gwiwa ta hana Baba tsayuwa, ya rufe shagon, aka mayar da shi wurin sayar da wayoyi. Sukan yi waya jefi-jefi, amma ba ta wuce minti biyu: lafiya, lafiya lau, a gaida yara. Wata rana bayan ya ajiye wayar na ji ya ce, kamar da kansa yake, wataƙila dai mai zuwa aski ne kawai, shi ne ya ɗauki abin da girma. Bai sake faɗa ba, amma na san maganar na cin sa. Mutumin da ya ba wa rabin hirar rayuwarsa, bai san ko abokinsa ne ba ko kwastoma.

Shekara takwas da tafiyar Akawu na sami hutu mai tsawo a wurin aiki, yayana ya ce in ɗauki Baba mu je ya ga duniya. Duk ƙasar da muka ambata sai ya ce gwiwa. Da na ambaci birnin da Akawu yake, sai gwiwar ta warke. Ni kuwa mace ce mai tsari, har ana yi mini tsiya a kai. Kwana bakwai ne, na rubuta kowace rana da abin da za a gani: gidan tarihi, hasumiya, jirgin ruwa, gidan wata ƙawata ta makaranta. Akawu na ba shi yammacin rana ta biyu.

Sau uku na gaya wa Baba kada ya sa wani abu mai kaifi a jakar hannu, sau uku yana gyaɗa kai. A filin jirgi, bayan manyan akwatunanmu sun riga sun shige, sai na ga ma'aikaciyar bincike ta ja jakarsa gefe. Ta zaro wani farin tawul a naɗe, ta warware shi a kan tebur: almakashinsa biyu, da aska, da mataji, da buroshin wuya. Wai bai yarda ya sa su a akwatin da za a jefa ƙarƙashin jirgi ba, kada a lanƙwasa musu baki. Ya yi mata bayani cikin ladabi cewa babban almakashin ya girme ta. Ta saurare shi har ya gama, ta mayar masa da tawul da mataji da buroshi, ta jefa sauran a kwandon da ke gefenta.

Na yi masa sababi tun daga nan har ƙofar jirgi. Na ce wa ya ce masa aiki za mu je, na ce ya kusa sa mu rasa jirgi a kan ƙarfen da ya yi tsatsa. Da muka zauna ya ɗaura bel, sai ya juyo ya dube ni.

"To yanzu da me zan je masa, Auta?"

Na ce da ƙafafunsa, kamar kowa. Har yau in na tuna amsar nan kunya takan kama ni.

Gidan Likita, 'yar Akawu, a hawa na huɗu yake, falon tsaf-tsaf, kujeru biyu masu laushi suna fuskantar juna, da teburin gilashi a tsakani. Akawu ya tare mu a bakin ƙofa da hula a kansa da sanda a hannu, ya rame ya ɗan ranƙwafa. Suka rungume juna har na fara share ido. Sai aka zaunar da su, wannan na kallon wannan, aka kawo shayi, shi ke nan shiru kake ji. Akawu ya tambayi yaya hanya, Baba ya ce lafiya lau. Can ya sake tambayar yaya hanya. Baba ya ƙura wa kafet ido, Akawu yana ta juya cokali a kofin da babu sukari. Ni da Likita muka yi ta cike gurbi da zancen sanyi da cunkoson motoci har bakinmu ya gaji. Bayan minti arba'in Baba ya ce kada mu takura musu, ya miƙe.

Muna saukowa a cikin lif ya ce mini ai dama ya sani, mutum ya yi sabuwar rayuwa, kuma ba laifinsa ba ne. Ya ce in fito da takardata mu ga gari, tunda shi muka zo gani.

Muka ga gari kuwa. Kwana uku ina gaba yana biye da ni, duk inda na ce ya tsaya a ɗauke shi hoto sai ya tsaya ya ƙame. Mun hau hasumiya, ya leƙa ƙasa ya ce to madalla. A jirgin ruwa ya yi gyangyaɗi. A gidan tarihi ne kawai ya ɗan farfaɗo, ya zagaya bayan wani mutum-mutumin dutse ya daɗe yana dubawa, ya ce wanda ya yi wa wannan aski bai daidaita ƙeyar ba. A gidan ƙawata ya ci abinci kaɗan, ya yi wa mijinta godiya fiye da kima, ya koma gefe ya zauna da tawul ɗin nan a kan cinya. Raina ya ɓaci, na ga kamar duk wahalata ta tashi a banza. Daga baya ne na gane ba taurin kai ba ne, baƙin ciki ne.

Rana ta shida da safe Likita ta kira ni. Ta ce tun da muka tafi babanta bai ci abin kirki ba, yana ta cewa ya kunyata baƙonsa. Ta ce ko mu gwada fita tare, akwai bas mai hawa biyu marar rufi da ke zagaya gari da baƙi. Na amsa ne don kara kawai, ban sa rai da komai ba. Baba ya ce ba ya son ya ɗora wa mutane nauyi, amma na ga ya goge takalminsa.

Saman bas ɗin ya cika, babu kujera biyu a jere. Likita ta zaunar da babanta a wani gurbi ta bakin ƙarfe, Baba ya sami wanda ke bayansa, mu biyu muka raɓa a ɗaya ɓangaren. Ina ta waige-waige ina neman wanda zan roƙa ya yi musanya don tsofaffin su zauna tare. Allah ya taimake ni ban samu ba. Aka raba mana abin sawa a kunne don jin bayanin wurare, bas ya tashi.

Da muka hau gada iska ta taso, Akawu ya cire hularsa ya riƙe kada ta tafi. Saman kan fes yake, sai ɗan farin gashi da ya zagaye ta baya, an yanke shi hawa-hawa. Na ga Baba ya gyara zama ya karkata kai. Sai hannunsa ya tafi da kansa, ya kama wuyan rigar Akawu ya lanƙwasa shi ciki, yadda yake yi wa kowa kafin ya yafa ƙyalle.

"Wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

Akawu bai juyo ba. Ya ɗan sunkuyar da kai gaba, kamar yadda ya saba.

"Likita ce. Ta ɗauka haƙori ne."

Daga nan ban san yadda aka yi ba. Baba ya ce ai mai faci ya rasu, Akawu ya ce wanne, babban ko mai gurgun babur. Suka bi unguwar gida-gida, wa ya mutu, wa ya yi ritaya, 'yar wa ta haifi tagwaye. Suka tono wani wasan ƙwallo na shekara ashirin da suka wuce suka ci gaba da musu daga inda suka tsaya. Bas ya wuce tsohuwar fada, ya wuce babban dandali mai maɓuɓɓugar ruwa, kowa na miƙewa yana ɗaukar hoto, su ko a jikinsu. Ɗaya na kallon gaba, ɗaya na kallon ƙeya, baki bai huta ba. Likita ta matse mini hannu. A nan ne na gane laifinmu ne ni da ita: mutanen da ba su taɓa hira ido cikin ido ba muka ɗauka muka dasa su suna fuskantar juna, da teburi a tsakani.

Da bas ya dawo inda muka hau, babu wanda ya motsa a cikinsu, muka sake zagaye na biyu. Mutane sun ragu, na koma kujerar da ke kusa da Baba, don haka da kunnena na ji sauran. Baba ya yi ƙasa da murya ya ba shi labarin filin jirgi. Ya ce ya so ya gyara masa kai ko sau ɗaya ne, ga shi ya zo masa hannu rabbana, shi ya sa ran nan ya rasa abin da zai ce.

Akawu ya yi dariya har da tari, ya shafa saman kansa.

"Ka gyara me? Shekara goma sha biyar na ƙarshe gashi nawa ne a kan nan? Aikin minti biyar ne, kai kake mayar da shi awa guda. Rabin ƙarar almakashin nan iska kake yanka, ina kallonka ta madubi."

Baba ya dubi ƙeyar Akawu.

"Ashe kana gani."

"Ina gani mana. Tsoro nake in yi magana ka daina."

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar da aka fita da Mama a ɓoye ya yi nasa. Ran nan bai ɓoye ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kafaɗar Akawu ya bar shi a nan, Akawu ya ɗago nasa ya dafe shi, har yanzu bai juyo ba. Na kawar da kai ina kallon gine-ginen da ban san sunansu ba, ina jin daɗi da nadama a haɗe.

Yanzu duk su biyun sun riga mu gidan gaskiya, Akawu ya fara, Baba ya bi shi bayan wata goma sha ɗaya, kuma ba su sake haɗuwa ba bayan wannan tafiyar. Ina kewarsu ƙwarai. Ran nan sai da direba ya hau sama da kansa ya ce mana wannan ne zagayen ƙarshe. Baba ya tambaye shi ƙarfe nawa na farko yake tashi gobe.