Kayan Aikin da Na Saya wa Baba

Babana mai gyaran ƙananan injuna ne. Injin ban ruwa, janareta, injin niƙa, duk wanda ya ƙi tashi rumfarsa ake kawo shi. Rumfar tana bakin hanyar da ke fita daga Mubi zuwa Mayo Bani, ƙarƙashin wata dalbejiya, kwano huɗu ne a kan itace, sai benci guda da tebur da baƙin mai ya rine. Kayan aikinsa kuwa baƙaƙe ne masu nauyi, ya tara su ɗaya bayan ɗaya tun kafin a haife ni. Ba ya bari mu taɓa su.

Shekarar da rikici ya sa muka gudu muka bar gari, ba wanda ya tsaya ɗaukar ƙarfe. Da muka dawo, rumfar tana nan, akwatin kayan babu. Baba ya tsaya ya dubi wurin da akwatin yake zama, ya ce alhamdulillahi da muka dawo da ranmu, ya juya gida. Bai ƙara maganar ba.

Daga nan sai ya koma raɓawa a garejin wani maƙwabcinmu. Mutumin kirki ne, bai taɓa hana shi komai ba. Amma kayan mai gareji ne, in yana aiki da su dole Baba ya jira. Wata rana na wuce ta wurin na hango shi zaune a kan taya, inji a gabansa a kwance, hannuwansa a kan gwiwa, yana jiran a gama da sifana. Mai injin yana tsaye yana duba agogo. Ban ƙarasa na gaishe shi ba, na san ba zai so in gan shi haka ba.

A shekarar da ta biyo baya na samu aikin koyarwa a wata firamare. Ranar da albashina na farko ya shigo, daga makaranta kasuwa na wuce, ban gaya wa kowa ba. Na shiga layin masu kayan ƙarfe ina kallo kamar baƙuwa. A wani shago na ga akwatin roba shuɗi, an buɗe shi a kan kanta. Sifanu a jere daga ƙarama zuwa babba, filaya biyu, sukundireba shida, hama, magagari, kowanne a gurbinsa, suna ƙyalli har ina ganin fuskata. Na tambayi kuɗi, na ji bai kai abin da nake tsoro ba.

"Suna da kyau?" na ce wa mai shagon.

"Malama, ai kina gani da idonki," ya ce.

Ni kuwa abin da idona ya gani ƙyalli ne. Na biya, na rungume akwatin a cikin keke har gida.

Bayan la'asar na ajiye shi gaban Baba a tsakar gida. Dada, mahaifiyata, tana tsince shinkafa a gefe. Baba ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Sai ya zaro sifana ɗaya, ya jinjina ta a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa ta a siminti, ya kai kusa da kunne. Ya ajiye, ya ɗauki wata. Haka ya bi su duka, bai tsallake ko ɗaya ba. Ni na ɗauka murna ce ta sa yake wasa da su.

"'Yata, ke kika sayo wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Da albashinki na fari?"

Na ce e. Ya rufe akwatin a hankali, ya ɗora hannu a kai.

"Allah ya yi miki albarka. Gobe zan buɗe rumfa."

Dada ta ɗago ta dube shi, ta mayar da kai ga shinkafarta. A lokacin ban fahimci kallon ba.

Ya buɗe rumfar kamar yadda ya ce. Tsofaffin mutanensa suka fara dawowa. Duk yamma in na tambaye shi kayan aiki, sai ya ce, "Suna nan suna yi." Na lura yana dawowa gida a makare fiye da da, na kuma ga 'yan ƙujewa a bayan yatsunsa, amma makaniki ai ba ya rabuwa da ƙujewa. Ban kawo komai a raina ba.

Wata Asabar cikin rani Dada ta ba ni abincin rana in kai masa. Na tarar da baƙo a rumfar, wani tsohon abokin Baba daga Betso, manomi, dattijo ne a cocinsu, shi ya sa kowa ke ce masa Dattijo. Tun ina yarinya yake kawo wa Baba aiki. Ya ɗauro injin ban ruwansa a bayan babur tun da safe. Albasa ya shuka a bakin rafi, kwana uku ke nan ba ta sha ruwa ba, ya ce ganyen ya fara kwanciya.

Na gaishe su na zauna a benci. Baba yana durƙushe, yana ƙoƙarin kwance wani noti da tsatsa ta kama. Ya sa sifana lamba goma sha bakwai, ya ja a hankali, notin bai motsa ba. Ya zuba kananzir, ya ɗan bubbuga, ya jira. Dattijo yana ta kallon rana. Ina jin ganin damuwar abokinsa ne ya sa Baba ya yi abin da ba ya yi, ya tattara ƙarfinsa ya ja gaba ɗaya.

Bakin sifanar ya buɗe, ta zame. Hannun Baba ya tafi da ƙarfi ya bugi jikin injin. Na ji ƙarar. Ya yi maza ya tura hannun cikin tsumma, amma jini ya riga ya ɗiga a ƙasa.

Dattijo ya ɗauki sifanar ya juya ta. Bakin ya wage kamar an taka gwangwani. Hausarsa irin ta mutanenmu na kan dutse ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Injiniya, wannan sifana ba shi da kyau sam. Wane ne ya cuce ka da wannan kaya?"

Baba bai dube ni ba. Ya ce, "'Yata ce ta saya min. Da albashinta na fari."

Dattijo ya ajiye sifanar a hankali kamar ƙwai. "Ayya," ya ce. "Ayya, Malama, yi haƙuri. Bakina ya yi sauri."

Ni dai ban san lokacin da hawaye suka zubo ba. Na ɗauko ruwan da na kawo na wanke masa hannun. Yatsu biyu sun tsage a gaɓa. Da na duba sosai sai na ga tsofaffin tabo a gefensu, wasu sun warke, wasu ba su gama ba. Na yage gefen ɗankwalina na ɗaure masa.

"Baba, tun yaushe suke yi maka haka?"

"Ba kullum ba."

"Me ya sa ba ka gaya min ba? Yanzu zan kwashe su in mayar wa mutumin nan."

"Zauna," ya ce. "Ba inda za ki. Miƙo min akwatin."

Ya zazzage kayan a kan buhu, ya fara raba su gida biyu da hannunsa mai lafiya. Ya ɗaga babbar filaya.

"Kin ga wannan? Ko a cikin kayana na da, da ta samu wurin zama. Hamar nan ma ba ta da laifi, ƙotar kawai na canza. Lamba goma da sha biyu, kullum da su nake aiki, ba su taɓa ba ni kunya ba." Ya tura su dama. Ya ɗauki sukundireba. "Waɗannan bakinsu laushi gare shi, rana ɗaya suka lanƙwashe. Na kai wa maƙeri ya sa su a wuta ya tsoma a baƙin mai, yanzu suna yi." Su ma ya tura su dama. Sannan ya tattara manyan sifanu uku da ƙaramar filaya ya tura hagu. "Waɗannan ne marasa gaskiya. Tun ranar da kika kawo na ji su. Ƙarfe mai kyau in kin buga shi yana amsawa, ya ja sauti. Waɗannan shiru suke yi."

"To ka sani, ka karɓa?"

"Na karɓa mana. Shekara guda ina jiran wani ya ajiye sifana in ɗauka. Da wannan akwatin na dawo rumfata. Mai araha ba duka ne banza ba, sai dai ba ya zuwa da shaida. Kai za ka gwada shi, ka san wanda za ka jingina da shi da wanda za ka lallaɓa. Na san halin wannan, ni ne na yi gaggawa yau."

Dattijo ya ce, "Laifina ne, ni na tsaya maka a kai."

"Albasarka ce ta tsaya min a kai," Baba ya ce. Duk da hawayen sai da na yi dariya.

Sauran matsalar ita ce notin. Zamewar ta cinye kusurwoyinsa, ya zama kusan mulmulalle, ba sifanar da za ta kama shi. Dattijo ya ce zai bar injin ya dawo jibi. Baba ya ce jibi ai sai dai ya je ya yi wa albasa ta'aziyya. Ya miƙo min magagari.

"Hannuna ba zai riƙe ba. Ke za ki yi."

Ban taɓa riƙe magagari ba a rayuwata. Na tattare zanina na durƙusa. Ya nuna min yadda zan goge gefe biyu na notin su zama shafaffu, masu fuskantar juna. "Tura gaba, ɗaga, ki dawo. Kar ki goga da baya." Na yi ta yi. Gumi ya jiƙa min mayafi, tafin hannuna ya yi ja. Magagarin ma ba wani na kirki ba ne, yana ci kaɗan-kaɗan, Baba ya ce in yi haƙuri da shi, zai kai mu. Abincin da na kawo Dattijo ya buɗe, ya riƙa tura wa Baba kwanon, suna ci suna kallona suna ba ni umarni su biyu, kowa da nasa.

Da gefe biyun suka fito, Baba ya sa na kama su da babbar filayar, ya zura hannun filayar cikin guntun bututun ƙarfe don ya ƙara tsawo. Dattijo ya danne injin da gwiwa. Baba ya ɗora hannunsa na hagu a kan nawa.

"Kar ki fizga. Ki jingina kawai, ki bar nauyinki ya yi aikin."

Na jingina. Ba abin da ya faru. Na ƙara. Sai na ji wani ɗan ƙara, ƙas, notin ya juya.

Sauran aikin bai ɗau lokaci ba. Baba yana faɗa, ni da Dattijo muna yi. Datti ne ya toshe hanyar mai, da wata roba da ta mutu. Kafin la'asar Dattijo ya ja igiya, injin ya yi tari sau biyu ya kama. Tsohon nan ya cire hularsa ya yi addu'a irin tasu, Baba ya ce amin, ni ma na ce amin. Ya ɗaure injin a babur ya kama hanyar Betso da sauri.

Da muka isa gida Dada ta ga hannun Baba da yagaggen ɗankwalina, ta ce, "To, yau dai ta sani ke nan." Ashe tun makon farko take gasa masa yatsu da ruwan ɗumi, ya roƙe ta kar ta faɗa min.

Ƙarshen watan Baba ya ce in shirya mu je kasuwa tare. Bai kai ni layin masu ƙyalli ba. Can baya muka je, wurin wani tsoho da ke baza kayan gwanjo a kan leda, duk sun yi tsatsa. Baba ya tsuguna ya ce in zaɓi lamba sha bakwai. Na ɗauki uku, na buga kowacce a dutse. Ta biyun ta amsa, sautin ya daɗe a kunnena. Na duba bakinta, bai buɗe ba. Na miƙa masa.

"Ita ce," ya ce.

Guda ɗaya muka saya ranar. A hanyar fita ya tsaya wurin mai rake ya sa aka yanka min gaɓa uku, ni da nake koyar da aji guda. Na sha abina a cikin keke. Daga nan duk ƙarshen wata muna zuwa mu ɗauki ɗaya, wani lokacin gwanjo, wani lokacin sabo mai araha in ya ci jarrabawar Baba, don akwai masu ci. Ya yi shekaru yana aiki da su a haɗe, kafin idonsa ya raunana ya bar rumfa.

Dattijo kuwa, wajen wata biyu bayan gyaran, sai ga shi da hantsi a ƙofar gidanmu, babur ɗinsa har yana rangaji saboda buhun da ke baya. Albasa ce, manya jajaye. Baba ya ce ba zai karɓa ba, ai an riga an sallame shi. Dattijo ya ce ba nasa ba ne.

"Na Malama ne. Shi ya kwance noti."

Dada ta cika kwano-kwano ta aika wa maƙwabta, ta shanya sauran a ɗaki a kan yashi. Duk da haka sai da muka kai damina muna cin albasar nan, a miya, a ƙosai, a kwaɗo, har ƙannena suka fara roƙon a yi girki ko sau ɗaya babu ita.