Rabin Tatsuniyar Yana Ajingi

A gidan kakata Falmata na buɗe ido, a Gaya, tun zamanin da ba wanda ya taɓa ganin Bature a ƙasar nan. Kaka muke ce mata. Doguwa ce baƙa, da tsagen Barebari a kumatu, ga murya, in ta ƙwala kira daga madafa har na bakin rijiya sai sun waiwayo. Abu biyu ta fi so a duniya: ta ga an cinye abin da ta dafa, ta kuma ji halin da danginta ke ciki, tun daga mai furfura har jaririn da cibiyarsa ba ta faɗi ba.

Shi ya sa duk ranar kasuwar Gaya gidanmu yake cika da azahar. Dangin Kademi su zo da jakunansu, Gwaggo Hari ta Balan, wadda ke auren Bafillace, ta zo da ƙwaryar nono da man shanu, mutanen Ajingi su iso a ƙarshe suna haki. Kaka kuwa tun sassafe ta ɗora burabusko da miyar yakuwa. Kowane gida yana da akushinsa a jere a gindin rumbu. Mata su ci tare da ita a rumfa, maza a zaure, amma ba a fitar wa namiji da akushi sai ya shigo ya durƙusa ya sauke labari. In ya ce, "Lafiya lau, Iya," ya jawo wa kansa.

"Lafiya lau ba labari ba ce," in ji ta. "Akuyar nan taku mai tari, ta warke ko an yanka? Wa ya yi haƙori? Wa aka kai wa gaisuwar aure? Zauna sosai, abincin ba ya gudu."

Wadda ta fi kowa iya sauke labari ita ce ƙanwarta, Iya Yagana ta Ajingi. 'Yar gajeruwa ce mai dariya, in ta kwaikwayi tafiyar surukinta sai an riƙe ciki. Takan kwana in ta zo, kuma da magariba, bayan baƙi sun watse, mukan kewaye murhu muna gasa gyaɗa, su biyun su yi mana tatsuniyar tukunya. Kaka ta ɗauko, Iya Yagana ta ƙarasa. Ni kuwa a lokacin ƙarama ce ƙwarai, barci ke sace ni kafin a kai ƙarshe.

To, wata damina sai abu ya ɓaci. Wata ranar kasuwa Iya Yagana ba ta zo ba, sai ɗanta Baffa Bukar. Ya durƙusa, Kaka ta tatse shi, ya ce ba wani sabon abu sai ruwan sama. Aka kai masa akushi. Bai kai loma uku ba sai ga wata mai tallar daddawa ta yi sallama, bakinta har kunne.

"Barka, Iya! Ashe tagwaye aka samu a gidan ƙanwarki? Matar Bukar ta sauka lafiya, duk kasuwa zancen ake!"

Kai! Kaka ta ajiye ludayi. Tagwaye a gidan ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, kuma sai a bakin mai daddawa za ta ji? Aka kira Baffa Bukar, ya zo yana sosa ƙeya. Ya ce uwarsa ce ta hana shi faɗa, wai ita za ta kawo albishir da bakinta, sai ƙafarta ta kumbura, ga rafi ya cika. Kaka ta tashi ta ɗauki akushin Iya Yagana ta kife shi a gindin rumbu. Ran suna ta aika da gero da man shanu, amma ba ta taka ba. Labarin akushi ya isa Ajingi, Iya Yagana ta ce to, ita ma ta san hanyar zama a gidanta.

Damina ta wuce, aka yi girbi, wata daminar ta sake zagayowa, akushi yana kife. Ana ci ana dariya kamar da, amma ni da nake kwana a ɗakinta na san Kaka ba daidai take ba. Tana tambayar labarin kowa a Ajingi, har na jakin Baffa Bukar, ban da na mutum ɗaya. Kuma in ya ambaci uwarsa da kansa, sai ta daina tauna har ya gama. Da wata tsohuwa sa'arta ta rasu a unguwarmu, na ji ta tana cewa ita kaɗai, "Haka za a zo a ce mini wata rana." Abin ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni haushi, don tsofaffi biyu ne, kowace ta ƙi sunkuyawa.

A lokacin na yi wayo, barci ya daina kayar da ni. Wata magariba na ce ni tukunya nake so. Kaka ta harare ni, ta tura itace cikin wuta, sannan ta buɗe yadda ta saba.

"Ga wata nan tafe, ku matsa mata."

Muka ce, "Ta shigo, ga tabarma."

Wata mata ce, in ji Kaka, ta gaji tukunya daga uwarta, tukunya ba murfi. Tukunyar ba ta son itace, ba ta son kara. Sai a zuba mata ruwa da tsaki, a sunkuya a gaya mata labarin dangi, wance ta haihu, wane ya cika rumbu, sai ta hau tafasa da kanta. Kwanci tashi dangi suka watse, kowa ya kama gabansa, labari ya ƙare. Matar ta ba tukunya labarin maƙwabta, ruwa ya yi ɗumi kawai. Ta shirga mata ƙarya, ta ce ƙanwarta ta auri mai raƙuma, da ta leƙa sai ta tarar da yashi. Da yunwa ta ishe ta, ta yi gammo ta ɗora tukunya a ka ta kama hanya. Tana isa bakin wani rafi sai tukunyar ta yi magana daga bisa kanta, ta ce, "Ke, ina ƙanwarki take kwana yanzu?"

Nan Kaka ta tsaya, ta hau ɓare gyaɗa.

Na ce, "Sai me?"

"Sai ku tashi. Nawa ke nan. Uwarmu rabawa ta yi, ta ba ni kai, ta ba Yagana wutsiya."

"Haba Kaka! A bar mata a bakin rafi da tukunya a ka?"

"Je ki tambayi mai wutsiya, ƙawata. Ai kin san hanyar Ajingi."

Ban san hanyar Ajingi ba, amma na san Baffa Bukar. Ranar kasuwa da na kai masa ruwan wanke hannu na ce ya gaya wa Iya Yagana ta aiko mini da wutsiyar. Wata kasuwar ya dawo, kuma da yake labari ne, a gaban Kaka ya sauke shi.

"Ta ce tatsuniya ba kayan jaki ba ce. Ta kuma ce ba ta shiga gidan da aka kife mata akushi."

Kaka ta ce, "Oho! Wa ya tambaye ta?" Amma ranar sai da ta ƙara masa man shanu har yana kwaranya.

Ni kuwa na tara yaran gida na ce kowa ya ƙi zuwa murhu. In ba wutsiya, ba ma son kai, ba ma son kowace tatsuniya. Ke dai bari! Kaka ta hura wuta, ta gasa gyaɗa ƙamshi ya cika gida, ta ce, "Ga wata nan tafe," ba wanda ya shimfiɗa mata tabarma. Muna leƙenta daga bayan rumbu, yawu na tsinkewa. Ta kira mu 'yan banza, ta ce da ita da mu har abada, ta cinye gyaɗarta ita kaɗai. Haka muka yi ta yi har kasuwa ta kusa.

Ana gobe kasuwa na ga ta ɗaga akushin nan, ta wanke shi, ta goge shi da mai har yana sheƙi. Ta ga ina kallo ta ce, "Gara ce za ta cinye mini shi. Meye na zare ido?" Kashegari ta ajiye shi a buɗe a tsakiyar hanya, inda sai da Baffa Bukar ya tsallake shi kafin ya durƙusa.

Ta ce masa, "Kada ka je ka ce na ce wani abu."

"To me zan ce na gani, Iya?"

"Idonka ne, ba nawa ba."

Kasuwa ta gaba muna jera tabarmi sai muka ji kukan jaki a ƙofa. Ga Iya Yagana tana ɗingishi, ga surukarta a baya, ga Hassan da Usaini suna tafiya dagwai-dagwai da ƙafafunsu. Ta zo har gaban Kaka ta zauna, fuska ba alamar wasa.

"Yaya, na kawo miki albishir. Matar Bukar ta haifi tagwaye."

Kaka ta dubi yaran, masu haƙora, ɗaya har ya sa hannu a miya. Ta dafe ƙirji.

"Ashe? Masha Allah! Yanzu nake ji!"

Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa wadda ta fito da maza daga zaure. Gwaggo Hari ta yi dariya har nono ya zube. Aka cika akushi, su biyun suka sa hannu ciki, labarin shekara guda ya ɓarke, wannan na katse wannan, Kaka na share ido tana cewa hayaƙi ne.

Da la'asar Iya Yagana ta gyara mayafi ta ce a ɗaura wa jaki, ita fa ba kwana ta zo ba. Na riƙe zaninta na ce wutsiyata fa?

"Ke, wa ya taɓa yin tatsuniya da rana? So kike ki ɓace a daji?"

Kaka ta ce, tana kallon gefe, "To ai sai a jira rana ta faɗi."

Da magariba Kaka ta kai matar har bakin rafi, Iya Yagana ta karɓa. Matar ta buɗe baki za ta yi ƙarya, ta tuna yashi, sai ta ce, "Ban sani ba." Tukunya ta ce, "Wannan ce gaskiyar farko da na ji bana. Haye." Ta haye, ta yi ta tambaya gari gari, har ta iske ƙanwarta zaune a gaban murhu mai sanyi, riƙe da murfi ba tukunya. Ƙanwar ta dube ta ta ce, "Kin rame." Ita kuma ta ce, "Ke ma kin yi furfura." Kafin su rufe baki tukunya ta hau tafasa, murfi na rawa a kanta, suka ci, gari ma ya ci. "Ta tashi ta kaɗe zaninta," in ji Iya Yagana, ta rufe tatsuniyar, ta wawure sauran gyaɗar.

Bayan shekaru, ina da goyo a lokacin, Allah ya yi wa Iya Yagana rasuwa. Baffa Bukar da kansa ya kawo labarin, bai bari kowa ya riga shi ba. Akushinta bai sake kifuwa ba, tagwaye ke ci a ciki. Wata kasuwa na kwana a gida, ƙananan yara suka ce tukunya suke so. Na ce a raina yau matar nan za ta kwana a bakin rafi har abada. Sai ga Kaka ta haye da ita ba ko tuntuɓe, har "kin rame" da muryar ƙanwarta ta faɗe shi.

Da yara suka tashi na ce, "Kaka, ashe kin san wutsiyar?"

Ta ce, "Ke ma dai! Tatsuniyar da nake ji tun ina goya Yagana? In na ƙarasa da kaina, me zai hana ta komawa Ajingi da la'asar?"

Da ina yarinya na ɗauka darasin tukunya shi ne kada a yi ƙarya. Sai da na tsufa na gane ba labarin akuya mai tari ne ya dami Kaka ba, mai kawo shi take son gani a gabanta, yana ci. Yau akusan suna gindin rumbuna, ni ke tatsar mutane ranar kasuwa. Jikokina sun san matar da tukunyarta har bakin rafi. In suka ce sai me, nakan ce su tashi, nawa ke nan, wutsiyar tana Kademi wurin ƙanwata.