Ranar da Na Kai Rana Gonar Kawu Isa

Gadarif

Ana idar da asuba a garinmu Gadarif na Sudan na fito da kayana: faranti mai faɗin tabarma wanda na liƙe da gutsattsarin madubi, da baƙar tukunya mai naɗin bututun tagulla a ciki. Madubin zai tara hasken rana a kan tukunyar, ruwan bututun ya tafasa. Shekara guda ina lissafa zafin nan a kwamfuta. Malamina ya ce ba zai sa hannu a digirina ba sai na auno shi a fili.

Direban boksi, a-kori-kurar da ke zuwa ƙauyen Simsim, ya dubi farantin. "Ya usta, maigida, wannan kujera biyu ne."

"Ai ba ya zama."

"To ya fi ka ladabi. Hau."

Shinge

A shingen hanya soja ya leƙa, ya ga fuskarsa kashi ɗari. "Da wa kake magana da wannan?"

"Da rana."

Ya gyara gashin bakinsa a madubin, ya ce mu wuce.

Simsim

Mun isa da hantsi, ramukan hanya sun gama da ƙuguna. Kawu Isa, yayan mahaifiyata, ya tara masu yankan riɗi, ya riga ya yi musu alkawarin shayi ba gawayi.

Na kafa farantin, na saƙala ma'aunin zafi. Shiru. Tukunya sanyi ƙalau. Ashe girgizar mota ta lanƙwasa ƙarfen, hasken yana taruwa a gefe, ban san ina ba.

"Ɗana, kwamfutar taka ta taɓa shan shayi kuwa?" in ji Kawu, ya matso yana leƙe.

Sai muka ji ƙauri. Rawaninsa ne ke hayaƙi! Ya fizge shi ya jefar yana salati, ma'aikata suka zube ƙasa don dariya. Ni kuwa na ga inda zafin yake. Na matsar da tukunyar daidai wurin da kansa ya tsaya. Kafin azahar ruwa ya tafasa, ma'auni ya kai kusa da abin da na lissafa.

Kawu ya sha kofi biyu, daga nesa.

Gida

Washegari na dawo Gadarif lafiya. Godiya ga Allah, sannan ga Kawu Isa. Inna ta ce in sa sunansa a littafin digirin. Na sa shi, a babin kayan aiki.