Ranar da Baba ya gyara layi

Babanmu tsohon mai buga tafireta ne a ofis, kuma har ya yi ritaya bai yafe wa layin da ya karkace ba. Takalmanmu a ƙofar ɗaki sai sun jeru kamar za a ɗauke su hoto. Auta kaɗai yake ragawa, ita kuwa ta tashi ta koyi rubuta manhajar kwamfuta.

Wani kamfani ya ba ta aikin gwaji: ta tura kafin sha biyun rana, in ya yi kyau su ɗauke ta. Ta gama, ta shiga wanka ta bar kwamfutar a buɗe. Baba ya leƙa ya ga layuka, wani ya shige ciki, wani ya fi shi shigewa. Ransa ya ɓaci. Ya zauna ya turo kowanne bakin hagu, ya adana, ya rufe. Gwani ai ba ya barin aiki rabi.

Da Auta ta buɗe, sai ta ga layukan duk sun koma bakin hagu.

"Na gyara miki," in ji Baba. "Haka za ki kai wa mutane?"

"Baba, a wannan yaren na kwamfuta, tazarar ita ce dangantaka. Kalmar farko ita ke kafa sahu. Layin da ya tsaya daidai da ita ɗan'uwanta ne. Wanda ya shiga ciki, ci gaban na samansa ne. Wanda ya ja baya, ya fita daga gidan."

"To yanzu fa?"

"Yanzu duk kun mai da su marayu."

Na ƙunshe dariya, amma Baba ya ba ni tausayi. Ya jawo kujera kawai ya ce, "Faɗi, ni in buga." Tana faɗa yana tura layuka ciki, yana yamutsa fuska kamar mai shan magani. Sauri kam, tsoho bai manta ba. Suka tura da ƙyar.

Kwanakin jiran amsa, Baba ya koma tsakurar abinci, wai cikinsa ne. Da kamfanin ya kira ya ce sun ɗauke ta, Auta ta same shi a tsakar gida ta gaya masa. Sai ya juya wajen Mama ya tambaya ko abincin rana ya yi saura.