Kwamfutar da ƙorafi ya cika wa ciki

Lokacin da nake akawu a wani kamfanin bokitin roba a Sharada, muna da kwamfuta guda wadda ke buga takardar fitar da kaya. In ba ta buga ba, mota ba ta wuce ƙofa. Wata safiya na danna mata maɓalli, ta yi ɗan gurnani, ta rubuto layi biyu a baƙin allo, ta tsaya cak. Na kashe na kunna har yatsana ya gaji.

Manajanmu, wani Alhaji mai saurin yanke hukunci, ya kira injiniya a waya. Injiniyan yana Bompai, ga ƙarar injina ta ko'ina, abin da Alhaji ya iya ji kawai shi ne, "Ta cika, sai an rage mata."

Nan take ya sa muka kwashe duk abin da ke kanta: buta, darduma, da kwanon abincina. Ba ta tashi ba. Ya ce a buɗe cikinta. Muka share ɓawon gyaɗa da gawar kyankyaso. Wata 'yar Filato da ke sashen ɗaure kaya ta zo tana yi mata fifita da kwali, tana lallashinta kamar mai jinya. Direbobi kuwa sun cika taga suna ba da shawara, har wani ya ce a tura ta.

Bayan azahar injiniya ya sauka daga keke. Ya dubi butar a ƙasa, ya dube mu.

"Ranka ya daɗe, ba wannan cikar nake nufi ba," in ji shi. Ya nuna wani abu kamar ƙwayar wake a jikin allon cikinta. Ya ce a nan take ajiye bayanin yadda za ta tashi, kuma duk sanda ta rikice ta faɗi, a nan take rubuta ƙorafinta. Wurin ɗan mitsitsi ne. Ƙorafi ya taru, ta rasa inda za ta sa ƙafa.

Ya tayar da ita da filashi, ya goge tarkacen, ta buɗe kamar ba ita ba.

Alhaji ya shafa gemu. Sannan ya ce, "A wajenku ta koya."

Daga ranar ya hana maganar ƙarin albashi a ofishin. Mai ƙorafi sai ya fita bayan janareta.