Sandar Jirgi a Cikin Kular Abinci

Matso kusa, 'yar'uwa, ki ji abin da ya same ni a ƙofar ajans, wato tashar mota, a nan Garwa. Har in koma ga Allah ba zan manta da wannan rana ba.

Maigidana gyaran kwamfuta yake yi a unguwar Rumde Ajiya. Shi da ƙanena, wanda ya daɗe zaune a gidanmu, wasa ɗaya ya haɗa su, na jiragen da ke yaƙi can sama tsakanin taurari. Ƙanena da manet yake tuƙa nasa, wata baƙar sanda mai gindi, da kunama irin ta bindiga, jan maɓalli a ka, da doguwar waya. Maigida kuwa sai klaviye, allon madannan nan, da suri, ɗan ɓeran da ake ja kan tebur. Kullum bayan la'asar musu.

"Yaya, wannan tuƙin jirgi ne ko buga takardar haihuwa?" in ji ƙanena.

"Kai dai ci gaba da tuƙa tuwo. Kafin ka juya muciyarka na harbe ka sau uku."

Ni ina kicin ina ji, ina cewa manyan maza da gemu sun rasa aikin yi. Ban taɓa taɓa abin ba, amma kunnena ba ya zubar da magana.

Da ƙanena ya sami aiki a garin Cholire, sai ya kira ni. "Adda, in za ki zo ki taho min da manet ɗina. Don Allah kar ta karye." Ni da ba fita nake ba, me na sani? Na naɗe wayar a jikinta, na ƙudundune da zane, na cusa a kular abinci na rufe, don ita ce mai ƙarfi a kayana. A shekarun nan kuwa labarin tashin bam a wajen Kolofata bai bar bakin mutane ba, ko'ina bincike ake.

Mai gadin ajans ya ɗora ƙarfen bincikensa kan kula, abin ya yi tsuwa. Ya ɗaga murfi, ya ja zane, ya ga waya da jan maɓalli. Ihu ɗaya ya yi. Kafin in ƙifta ido fili ya watse, wata mata ta bar takalminta da buhun gyaɗa. Ni kaɗai tsaye da kula a gabana, jandarmomi uku sun ɗaga bindiga. Na kai hannu jaka in kira maigida, aka daka min tsawa, na durƙusa a ƙasa. Ina ta salati, ina tuna matan da aka ce an tafi da su bincike, 'ya'yansu suna ta jira.

Shugabansu yana jin Hausa kaɗan. Daga nesa ya ce, "Madam, mene ne wannan?"

"Abin wasa ne, Shef, wallahi na ƙanena ne."

"In na wasa ne, faɗa min yadda yake aiki. In ba ki sani ba, ga mota can."

Sai muryar mazan nan biyu ta dawo min tar, kamar ina kicin. Na ce, "In ka ja ta baya jirgi ya ɗaga hanci, in ka tura gaba ya nutsa. In ka murɗa ta ya juya. Kunamar ta harbi ce, jan kuma na babban makami, sau huɗu kawai yake tashi. Ƙanena ya ce da ita kake jin nauyin jirgi a hannunka. Maigida ya ce ƙarya ne, suri ta fi saiti, sanda sai ta wuce abokin gaba ka dawo kana nemansa."

Sai ɗaya daga cikinsu ya sauke bindiga, ya matso ya leƙa kula, ya yi wa Shef magana da Faransanci. Ya juyo da guntun murmushi. "Madam, mijinki ya fi gaskiya."

Ban san lokacin da na ce, "Amma a wurin juyi ƙanena ke cinye shi" ba. Dariyar da suka yi ce ta sa na fashe da kuka.

Sun duba kayana kaf, suka sallame ni, mota kuwa ta riga ta tafi. Washegari a hannu na riƙe sandar, tsirara, har Cholire.

Tun ranar ba na ɗaukar saƙon da ba zan iya bayaninsa da bakina ba, ba na kuma ɓoye shi a inda bai dace ba. Surutun da na raina shi ya maido ni wurin 'ya'yana. Ke fa, da ke ce durƙushe a gaban kular nan, kin saurari mutanen gidanki har da za ki sami abin faɗa?